Buhunan Masara a Ɗakin Inna

Baban Susana,

Ka tafi Dandume ba ka faɗa mini komai ba. Da hantsi sai ga mota a ƙofa, 'yan dako suna sauke buhunan masara. Na tare su, sai Alhaji Mudi mai gidan ya ce wai tun ranar da ya ba ka makulli ka yarda ya ajiye hatsinsa a ƙaramin ɗaki har bazara. "Ai maigidanki ya sani," in ji shi. A gaban maƙwabta na tsaya kamar baƙuwa.

Sabon gida muka kama haya ko rumbu? Ɗakin da na gyara wa Inna yanzu ko ƙofarsa ba ta rufuwa. Sun kuma barbaɗa maganin ƙwari, ga ta da ciwon ƙirji.

Na tafi tasha in taro ta, motar Bakori da la'asar take isowa. Kafin ka zauna cin abinci ka je wurin Alhaji a kwashe kayan nan. In na tarar da buhu ko ɗaya, Inna a gadonmu za ta kwana, kai kuma ka hau kan masarar.

Liatu