Rasuwar Malam Bari-Ya-Huce, Mai Kula da Injin Shafe

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Cibiyar Binciken Shafen Ƙarafa, a madadin Mai girma Darakta, da Farfesoshi, da Daktoci, da sauranmu da ba mu kai nan ba, tana sanar da samun labarin rasuwar Babban Jami'in Ɗakin Gwaji, wanda kowa ya sani da Malam Bari-Ya-Huce, da safiyar Talata, bayan jinyar kwana ɗaya. Ya bar maiɗakinsa, da 'ya'ya biyar, da jikoki uku.

Shekara ashirin da shida marigayin yana kula da injin shafe, wato tukunyar ƙarfen nan da ake zuƙe wa iska, a saki iskar argon ta dinga bugun faifan ƙarfen taitaniyam da na sinadarin silikon kabaid, har ƙwayoyinsu su tashi su zauna a jikin ƙarfen da ake son karewa. Shafen bai kai kaurin gashin kai ba ko kusa, amma idan ya zauna daidai, ƙarfen ba ya tsatsa, ba ya saurin cinyewa, kuma lantarki na bi ta cikinsa. Idan bai zauna ba, sai ya ɓare kamar tsohon fenti. Masana sun rubuta maƙala arba'in da ɗaya a kan ayyukan da suka fito daga hannunsa, kuma cikin adalci kowace ta gode masa a layin ƙarshe, da ƙananan haruffa.

Littafin injin ya ce a jira awa huɗu bayan an kashe shi kafin a buɗe. Marigayin kwana biyu cur yake jira, domin a cewarsa shafen da ya sha iska da ɗuminsa sai ya tsage, ko ba yau ba. Nan laƙabinsa ya samo asali, nan kuma ƙara uku da aka kai shi gaban kwamiti ta samo nata. Wani Farfesa ya taɓa tuna masa cewa a wannan fanni ya yi digirinsa na uku, sai marigayin ya ce, "Allah ya ƙara sani, ranka ya daɗe, amma shi injin bai karanta kundinka ba." Maiɗakinsa ta shaida mana cewa ko shayi bai taɓa sha da zafinsa ba.

Aikinsa na ƙarshe na wata Malama ne mai neman digiri na uku, uwar 'ya'ya huɗu, wadda shafenta ya ɓare sau biyar a hannun masu sauri, ga shi wa'adin karatunta zai ƙare Juma'ar nan. Idan wannan ma ya ɓare, wahalar shekara shida ta tashi a banza. Ranar Litinin da rana ya kashe injin, ya rataya masa kwali mai rubutun "Laraba", ya tafi gida da ciwon ƙirji. Bayan jana'iza, Farfesan da ke duba aikinta ya ga ya kamata a buɗe, tunda lokaci ya ƙure kuma mai hanawa ba ya nan. Malamar ta tsaya gaban injin da mayafinta ta ce, "Ka yi haƙuri, Farfesa, in ma faɗuwa zan yi, a bari in faɗi ranar Laraba." An buɗe ranar Laraba da rana. Shafen ya fito ruwan toka yana sheƙi. Don gwada ƙarkonsa, an manna masa salatif an fizge, an karce shi da tsinin lu'ulu'u, bai ko motsa ba. Yau Alhamis ta miƙa kundinta.

Cibiyar tana miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya maiɗakinsa, da 'ya'yansa, da ɗaukacin 'yan'uwa, tare da roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi. Ɗakin gwajin zai kasance a rufe har Litinin. Ni na ja ƙofarsa ɗazu da yamma, na bar makullin a hannun mai gadi, domin ɗan'uwan da zai zo ɗaukar daddumar marigayin da tabaraunsa.

Sa hannu:
Dakta, Mai Magana da Yawun Cibiyar Binciken Shafen Ƙarafa