Kaza da 'Ya'yanta a Rufin Aji

Inna Hajo,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya mutanen gida? Mu nan Matankari lafiya lau.

Inna, na samu aikin makarantar ƙananan yara, kuma ke ce sila. Ranar gwaji na tuna yadda kike nuna mana Kaza da 'Ya'yanta a sama. Ni da yaran muka huda tsohuwar ƙwarya wuri bakwai, muka rufe tagogi, na kifa ta kan tocila. Sai ga taurari a rufin aji da rana tsaka. Wata yarinya ta ce, "Madam, 'yan tsakin nan wa ke ba su hatsi?" Darakta ya yi dariya, ya ce in fara Litinin.

Allah ya saka miki. Ki sa ni a addu'a, ki gaida su Baba.

'Yarki,
Zuwaira