Idanun Mama Minakshi

Litinin, 12 ga Oktoba, 1998
Unguwar Sanyuanli, a ƙasar Sin. Zafi da gumi har yanzu. Leshin da na zo nema, duk shagon da na shiga sai laoban, wato mai shagon, ya kaɗa hannu, "mei yo," wai babu. A masaukinmu akwai wata tsohuwa 'yar Indiya, ɗakinta na kallon nawa. Ta kusa faɗuwa a matakala, na riƙe ta. Hannunta ba nauyi ko kaɗan.

Laraba, 14 ga Oktoba
Sunanta Minakshi Poduwal, daga Kerala. Na ɗauka fatauci ta zo, ashe malamar tarihi ce. Shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a jami'a, littattafai huɗu, duk a kan fataken da suka riƙa ratsa teku daga garinsu zuwa nan. Na farkon ma wai a kan teburin girki ta rubuta shi, tana goyon ɗanta. Ta dafa min shayi mai citta. Turancina na kasuwa, nata na littafi, amma mun fahimci juna. Mama nake ce mata. Ita kuwa sunana Najiba ya gagare ta, sai "Najiiba", tana ja kamar waƙa.

Asabar, 17 ga Oktoba
Ta ji ina karatu bayan la'asar, ta ƙwanƙwasa. Wai ina iya karanta Larabci a kan dutse? Sai ta faɗa min gaskiya: idonta na mutuwa. Likita ya ce shekara ɗaya, in an yi sa'a. Littafinta na ƙarshe saura babi guda, kan baƙin da aka binne a tsohuwar maƙabartar Musulmi ta garin nan. Ta je sau biyu, ta tsaya gaban duwatsun, ba ta ga komai ba sai hazo.
Na ce Mama, a wajenmu mace ba ta shiga maƙabarta. Ta ce to, ba komai, 'yata. Ba ta sake tayar da zancen ba. Da ta matsa min da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 18 ga Oktoba
Ban fita ba.

Talata, 20 ga Oktoba
Mun je. Na tambayi wani abokin fataucinmu, Alhaji Isufu na Maraɗi, tukuna, shi da ya yi karatu, ya ce in don wa'azi da addu'a ne, in je. Mama ta yafa gyale, ta cire takalmi tun daga ƙofa, ita da ba Musulma ba. Itatuwa manya, sanyi, ba ka jin motar titi. Ni ina tsugune ina karantawa, ita tana shafa rubutun da yatsa tana maimaitawa cikin 'yar rikodarta. Wasu sun goge, na ce ban iya ba. Ta ce faɗi abin da kika gani kawai, kada ki cike da ka. Wai wannan ne duk abin da ta koyar a shekara talatin da ɗaya.
Wani dutse an rubuta "algarib", baƙo. Sunan uba ya cinye, garinsu ya cinye. Na daina karantawa. Ta kashe rikodar, ta jira.

Laraba, 21 ga Oktoba
Ban yi niyya ba, amma na ba ta labarin Ma'azu. Mijina, shekara shida ke nan, ya tafi Kwatano sayo kaya, zazzaɓi ya kama shi, kwana uku. Can aka binne shi. Abin da ya dawo min jakarsa ce da agogo. Na karɓi sana'arsa, na je Dubai, na je Bankok, ga ni a Sin, amma Kwatano ko a hanya ban yarda na bi ba.
Ba ta ce in yi haƙuri ba. Tambaya ta yi: wa ya yi masa wanka? A wace unguwa? Akwai wanda ke raye da ya san wurin? Na ce ban sani ba. Kunya ta kama ni. Ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta matso da ita dab da idonta. Wai tana so ta adana ni tun da sauran haske.

Asabar, 24 ga Oktoba
An samu leshi. Ban ji daɗin da na zata ba.

Litinin, 26 ga Oktoba
Ta tafi. Na raka ta tashar jirgin ƙasa, ta Hongkong za ta bi. Ta ce sunana zai shiga littafin, na rubuta mata da manyan baƙi: Najiba Sabuwa. Ta ce jikarta za ta karanta mata. Na ce Allah Ya ba ki lafiya, Mama. Ta ce amin, yadda ta ji ina faɗa. Tana ɗaga hannu ta taga, amma ba ɓangaren da nake tsaye ba. Ban gyara mata ba. Na matsa na koma inda take kallo.

Alhamis, 29 ga Oktoba
Kaya sun shiga kwantena. Jibi sai gida.
Alhaji Isufu ya ce ya san wani mai masauki a Zongon Kwatano, tsoho, ba baƙon da ya rasu a can bai halarci jana'izarsa ba. Ni dai tambaya kawai na yi, cikin hira. Ya rubuta min sunan. Daga Legas, inda jirginmu zai sauka, wai ba nisa, sammako ɗaya ne.
Kano ba za ta ruguje ba don na yi lattin kwana biyu.