Sun Ba Ni Gurbinka, Iliya

Zuwa ga aminina Kyaftin Iliya,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina rubuto maka ne daga Bauchi, daga gidan nan na Fadaman Mada da ka taya ni zaɓen filinsa. Mutanen gida duk lafiya. Matarka Rifkatu ta koma koyarwa, yara kuma suna makaranta. Damina ta yi kyau bana. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma akwai maganar da ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Dillalin nan da ya samo maka aikin kwantiragi a Asiya ya turo min saƙo watannin baya. Ya ce kamfanin yana neman gogaggen kyaftin da ya san irin jirginmu. Akwai gida, akwai motar kaiwa da ɗaukowa, akwai tikitin zuwa hutu. Bai ambaci sunanka ba ko sau ɗaya. Cewa kawai ya yi an samu gurbi. Na daɗe riƙe da wayar ina kallon kalmar nan, don na san gurbin wa ake nufi.

Ka tuna Wunti? Babanka yana kan keken ɗinki, babana yana awon hatsi a rumfar da ke kallon tasa. Da mun ji ƙarar jirgi sai mu zubar da aiken da aka ba mu, mu kwasa a guje zuwa tsohon filin jirgi, mu manna fuska a jikin wayar shinge. Kai ne mai cewa, "Habu, mutum ne fa a ciki yake tuƙawa, ba aljani ba." Mun sha bulala a kan gudun nan, kai a gidanku, ni a namu.

A Zariya, da muke koyon tuƙi, ran Juma'a kana jirana a bakin masallaci riƙe da takalmana, ran Lahadi ni kuma in ajiye maka abinci har ku tashi daga coci. Rana ɗaya aka ɗaura mana igiya huɗu ta kyaftin a kafaɗa. Da muka zo gida a kakinmu, mai masar bakin kasuwa ta rantse ba za mu biya ba.

Sai kamfanin da muka ba ƙuruciyarmu ya durƙushe. Muka wayi gari manyan kyaftin ne mu, amma babu jirgi. Ni na lallaɓa da ɗan aikin jigilar alhazai da jiragen haya. Kai ka ce ba za ka iya zaman jira ba, furfura ta fito, lasisi kuma ba ya son zama. Ka haɗa jaka. Rifkatu ta cusa maka yaji da daddawa da kuka a tsakanin rigunanka, kana dariya kana cewa za a kama ka a kwastan.

Farkon zuwanka kana kirana ta bidiyo, ka juya wayar ka nuna min gari daga can saman bene. Gine-gine kamar an dasa su, hayaƙi ya rufe rabinsu. Ka nuna min ɗakin, tsaf-tsaf, komai fari, na'urar sanyi tana huci. Na ce ka buɗe taga in ji ƙarar garin. Ka ce tagar ba ta buɗuwa.

A hankali na fara tsintar yadda zaman yake, don ba ka taɓa zaunawa ka yi min ƙorafi ba. Gidan ku biyu ne da wani kyaftin Bature, amma an tsara aikinku ta yadda in kana sama yana ƙasa, sai dai ka ga kofinsa a wanke. A ɗakin tuƙi, mataimakinka yana yi maka Turancin aiki, da an gama ya juya ga sauran da yarensu. Mota ta ɗauke ka, ta dawo da kai, ka dafa shinkafa, ka kwanta. Hutun da aka yi alkawari yana ta matsawa gaba, yau an rasa wanda zai canje ka, gobe an ƙara hanya. Ga gwajin lafiya da ke zuwa a kai a kai, wanda in ka faɗi, kwantiragi ya ƙare a nan take, babu fansho, babu sai wata rana. Ka taɓa ce min, "A nan, Habu, in ka yi tari sai ka waiwaya ka ga ko an ji."

Ranar hutunka ce abin ya same ka, zuciya ta tsaya. Babu wanda ya sani sai da direba ya zo ɗaukarka aiki, ya yi ta kira, ya hau sama ya ƙwanƙwasa. Baturen yana wata ƙasa da jirgi. Likita ya ce ka kwana biyu a wurin.

Rifkatu ba ta iya tafiyar ba, ni na je. Aka buɗe min ɗakin. Kakinka yana rataye a goge, takalmi a jere, hula a kan tebur. Shinkafa ta bushe a tukunya. Robar yajin ta kusa ƙarewa, ka kankare gindinta da cokali har ta yi zane. Na shiga lif da wani maƙwabcinka, na nuna masa hotonka a waya. Ya duba da kyau, ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce yana ganinka, amma bai san sunanka ba.

Dawowar ce ba ta bar ni ba har yau. Ni ina kujerar fasinja, kai kana ƙasa a cikin kaya. Da a ce ban san jirgi ba, da ya fi min sauƙi. Na san sanyin wurin, na san duhunsa, na san yadda ake ɗaure akwati da raga don kada ya motsa. Duk sanda muka shiga gargada sai in dafe hannun kujera in ce a raina, yi haƙuri Iliya. Kai da ka fi kowa iya sauka, har fasinja ba sa sanin taya ta taɓa ƙasa, ranar nan matuƙin ya buga mu da ƙarfi. Na ji bugun a ƙirjina. Na fashe da kuka, matar da ke kusa da ni ta ɗauka tsoro ne, tana ta lallashina.

Daga Abuja muka biyo hanyar Jos da kai. Aka binne ka a ƙauyenku, bayan Tafawa Ɓalewa, kusa da babanka. 'Yan Wunti sun cika mota biyu, Musulmi da Kirista, har da tsofaffin teloli da suka san ka tun kana tsince musu ƙyalle.

Tun daga nan nake jin ka a rediyo. In ina sama, wani matuƙi ya kira hasumiya daga nesa, sai muryar ta zo min da irin jan da kake yi wa ƙarshen magana. In ɗaga kai in saurara. Sai ya sake magana, in ji ba kai ba ne. Mataimakina ya taɓa tambayata ko lafiya, na ce masa lafiya.

Da saƙon dillalin ya zo, ba zan ɓoye maka ba, na so in karɓa. Aiki ya yi ƙaranci a nan, shekarun ajiye tuƙi suna matsowa, yara uku suna jami'a. Na faɗa wa Hadiza matata. Na hau keke na tafi wurin Rifkatu, don na ga bai kamata ta ji a bakin wani ba. Tana tsintar shinkafa a tire. Ba ta ce kada in je ba. Ta ce, "Baban Amina, in za ka tafi, ka tafi da Hadiza. Ni abin da ke hana ni barci ba rasuwar ba ce, kwana biyun nan ne."

Na rubuta wa dillalin cewa zan zo in an yarda in zo da matata. Ya amsa da fara'a cewa gidan na ma'aikata ne kawai, ba a zama da iyali. Na ce to a ba wani.

An kuwa ba wani. Wani kyaftin ne daga Gana, sa'anmu, mai jikoki biyu. Na roƙi dillalin lambarsa, ya yi mamaki amma ya ba ni. Na kira shi na gabatar da kaina, ban faɗa masa komai game da ɗakin ba, ya riga ya ji. Yanzu duk ranar hutunsa nakan kira. Muna hirar ƙwallo da tsadar mai da ciwon baya. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Rannan na kira bai ɗauka ba, na sake kira bai ɗauka ba. Iliya, na fita tsakar gida ina zagaye, Hadiza tana bina da ruwa. Can sai ga kiransa, wai wanka ya shiga. Da ya ji muryata, sai ya ce daga yau zai riƙa shiga da wayar.

Ɗan'uwana, ina kewarka. Allah ya sa ka huta. Allah ya ba Rifkatu haƙuri, ya raya abin da ka bari, ya sa su zama masu jin ƙai kamar ubansu. Duk wanda neman abinci ya kai shi ƙasar da ba a san sunansa ba, Allah ya haɗa shi da mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya dawo da shi gida da ƙafarsa. Amin.

Naka har kullum,
Habu