Inda Sabis Ke Kamawa

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Shekara goma sha ɗaya Abba yana Legas, har yau duk maganar da zai yi mini sai ta biyo ta bakin wani. Da uwarsa Kulu na da rai, in ya kira sai ta ɗauki waya ta shige ɗakinta ta tsaya bakin taga, ni ina tsakar gida kamar baƙo. Ta fito ta ce yana gaishe ka. Shi ke nan rabona. Tun da ta rasu, ƙanwarsa Zulfa ta gaji aikin. Na san ɗan fari ne, sunan mahaifina gare shi, ban saba sakin baki da shi ba, haka muka tarar ana yi. Amma ban ce a mayar da ni wanda ake aika wa gaisuwa ba.

Yau Zulfa ta zo daga gidan mijinta da saƙo. Wai wurin aikinsu sun yarda ya yi aiki daga ko'ina, muddin akwai wuta da sabis. Wai yana tunanin dawowa gida. Tunani dai. Ta karanto mini abin da zai buƙata: tebur, kujera, allon kwamfuta biyu, sola da batir, ɗaki mai shiru. Na ce allo biyu, kai nawa gare shi? Ta yi dariya. Ban faɗa don a yi dariya ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Shagon ƙofar gida za a ba shi. Na fitar da gizago da zarto da tarkacena. Zanen ruwan ambaliyar 2022 na nan a bango, daidai cinyata. Sai an ɗaga ƙasan da bulo biyu.

Zulfa ta ce a sayo tebur daga Kano. Shekara arba'in ina sassaƙa kwalekwale, babu wanda ya taɓa nutsewa da mutum, a ce ɗana zai zauna kan garin katako da aka manna da gam. Ina da katakon madacin da na ajiye wa wani mutumin Auyo, wanda ya fasa jirgi ya sayi babur. Shi zan yanka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zulfa ta kawo awon teburin da lambobi. Na gwada da hannuna: tsawo kamu uku da rabi, tsayi kamu ɗaya da rabi. Ɗan abu. Da tun farko haka aka ce.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na shiga kasuwa neman ƙusa da man katako. Gwadabe, abokin wasana, ya hango ni daga rumfarsa, ya ce wai ya ji Babarbare zai buɗe ofis, a ajiye masa gurbin masinja. Na ce Bafillace bai iya zama wuri ɗaya ba, ina zai iya tsaron ƙofa. Sai ya tambaye ni wane aiki ne ma yaron yake yi. Na ce na kwamfuta. Ya ce kowa ma na kwamfuta yake yi yanzu, shi me yake yi a cikinta? Na ce ina sauri.

Ɗan Gwadabe injin casar shinkafa gare shi a hanyar Kano. Kowa ya wuce ya gani.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Munzali mai haɗa sola ya zo duba rufin. Mutum ne mai haƙuri, ba ya yi wa tsoho magana da ƙarfi kamar kurma. Na tambaye shi zancen allo biyun. Ya ce a ɗaya mutum yake rubuta aikin, a ɗayan yake duba ko abin da ya rubuta ya tafi daidai. To wannan na gane. Ni ma ba na kafa katako ban ja da baya na dubi jirgin duka ba.

Ya ce allon ya kasance nisan hannu guda daga fuska, samansa daidai ido, taga kuma ta gefe, kada ta zo a baya. Ya tambayi tsayin Abba in yana zaune. Rabona da shi tun rasuwar uwarsa, shekara uku. Kwana huɗu ya yi, ya yi jiki, ya sa tabarau, kullum mutane a tsakaninmu. Ban san tsayin ɗana a zaune ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Zulfa ta ce kusan tsayina ne. Na zauna kan turmi na miƙa hannu, ta ja layi da gawayi a bango daidai idona. Ashe ya kamo ni.

Talata, 22 ga Afrilu

An gama cikon ƙasa, an yi siminti, na shafa farar ƙasa da kaina. Zanen ruwan ya ɓace. Kafaɗa ta hana ni sakat, ban gaya wa kowa ba. Saman teburin ya fito, katako uku, ba a ganin mahaɗa. Na huda rami biyu ta baya saboda wayoyi, kamar yadda Munzali ya ce.

Ina goge shi na tuna lokacin da Abba yake ɗan shekara bakwai yana riƙe mini ƙusa a bakin kogi. Ba ya ba ni sai ya ƙirga. Kawunsa ne ya dage a kai shi boko. Ban hana ba. Ban kuma yafe ba, in gaskiya za a faɗa.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Yau an ɓata mini rai.

Munzali ya dawo gwada sabis. A shagon layi ɗaya, yana zuwa yana ɗaukewa. Ya ce benen da aka gina a gabanmu ne ya tare ƙarfen sabis. Muna cikin magana matar maƙwabci ta tayar da injin markaɗe, sai da muka fito waje kafin mu ji juna. Ya ce aikin Abba rabinsa magana ce da mutane ta kwamfuta, a nan ba zai yiwu ba. Na ce me ya sa ba a gwada ba kafin in zuba siminti? Ya ce ya faɗa wa Zulfa. Ga shi nan dai. An faɗa wa Zulfa.

Ya riƙa zaga gidan da waya a sama, ina binsa, kamar masu neman zurfi da gora. Ɗakina babu. Ɗakin baƙi babu. Ya tsaya a ƙofar Kulu ya dubi kwaɗon.

"Baba Modu, nan fa?"

"Nan ba a shiga."

Bai yi musu ba. Ya zagaya ta baya ya ɗora wayar a bakin taga, ya juyo mini da ita. Layi huɗu cif. Ya ce kuma nan ne nesa da titi, da alama ruwa ma bai shiga ba. Bai shiga ba. Ni na ɗaga mata ginin da hannuna tun kafin a haifi Zulfa.

Na ce a kafa dogon ƙarfe a kan shagon a janyo sabis ɗin. Ya ce za a iya gwadawa, amma ba zai yi mini alkawari ba, kuma ƙarfe ba ya kashe injin markaɗe. Na ce ya tafi zan neme shi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ban yi aikin tebur ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Zulfa ta kai wa Abba labari, ba da izinina ba. Ta dawo da amsa. Wai kada a taɓa ɗakin Inna, kada a takura wa Baba, in babu hali a bar maganar, ba gaggawa.

A bar maganar. Haka kawai, kamar an ce a fasa zuwa kasuwa. Ni nan na yanka madacin da na yi shekara shida ina kare shi daga gara, shi yana can yana ba gaggawa. Na ce mata ko dama neman hanyar fasawa yake? Ta ce, "Baba, tausayinka yake ji." Na ce wa ya roƙe shi tausayi. Ta ce mu biyun halinmu ɗaya, kowa na jiran ɗaya ya fara, ita kuma ta gaji da zama a tsakiya, tana da nata gidan. Ta ɗauki mayafi ta tafi ba ta sha ruwan da ta ɗebo ba.

Shekarata saba'in da uku. Shi ne ba ya gaggawa.

Asabar, 3 ga Mayu

Da hantsi na buɗe ɗakin Kulu. Makullin ya ƙi, sai da na ɗiga masa man gyaɗa.

Na ɗauka zan tarar da ƙamshin turarenta. Babu. Zafi ne kawai da warin rufaffen ɗaki. Gara ta cinye ƙafar gado ɗaya, ya karkace. Ta hau bango ta bayan jeren kwanuka. Shekara uku ina cewa ina tsare mata ɗaki, ashe gara nake yi wa gadi. Carbinta na rataye a ƙusa. Maficinta na kan taga.

Na buɗe tagar na tsaya inda take tsayawa. Ga ƙarfen sabis can, tsakanin dabinai biyu, ba abin da ya tare shi. Na ciro 'yar wayata na duba, sabis ya cika. Na fita tsakar gida inda nake zama, layi ɗaya. Na koma, ya cika. Sau uku na yi haka kamar wanda ya zautu.

Kulu, ashe ba guduna kike yi da wayar ba. Me ya hana ki ce in taso? Ko kin ce ban ji ba. Ina jin kin taɓa cewa, sau ɗaya ko biyu, na ce ina aiki.

Na daɗe a zaune kan gadon nan mai ƙafa uku.

Laraba, 7 ga Mayu

Zulfa ta zo ta tarar ina fitar da kaya. Ta ɗaura ɗankwali ta kama. Kwanukan ta raba, nata da na matar Abba. Gadon zan gyara shi ya koma ɗakina. Carbin na bar shi inda yake, kada a taɓa.

Na ce kada ta gaya masa. Ta ce to. Na ce da gaske nake, daga yau ta sauka daga aikin kai saƙo. Ta dube ni ta ce, "Allah ya sa ka iya, Baba."

Litinin, 12 ga Mayu

Teburin ya ƙi shiga ƙofa. Gwadabe da ya zo kallo ya ce maƙerin jirgi ya manta ɗaki ba kogi ba ne. Da turakun katako na haɗa ƙafafun, na zare su muka shigar, na mayar. Ya daddanna shi da hannu biyu, ko motsi. Ya ce to wannan kam ko saniya aka yanka a kai zai ɗauka. Daga bakinsa yabo ne.

Taga ta hagu, bango a baya. Munzali ya kafa sola a rufi, batir a kan ɗan dakali. Ya ce allunan ba zai yi oda ba sai mai aikin ya faɗi irin da yake so da girmansu. Na zana da alli inda kowanne zai tsaya. Kujera ma an ce shi zai zaɓa saboda bayansa. Yaushe ya fara ciwon baya? Ba wanda ya gaya mini.

Alhamis, 15 ga Mayu

Hadari ya taso ta gabas ya watse. Masu shinkafa sun fara gyaran jinga.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayan an sauko masallaci na sa Zulfa ta rubuta mini lambarsa a bayan littafin nan, ta tafi. Na shiga ɗakin, na danna da kaina, lamba ɗaya ɗaya. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake. Ta katse.

Na san Zulfa za ta ce yana taro, da rana ba ya ɗauka, wataƙila ma bai da lambata. Wannan na ƙarshen ba na son tunaninsa.

Na jawo turmi na zauna gaban teburin, wayar na kai. Ba jira nake ba, ɗakin ya fi nawa iska. La'asar ma nan na yi ta.

Na shirya abin da zan ce, ba shi da yawa. Ɗakin uwarka na buɗe shi, ba wanda ya sa ni. Tebur na nan, wuta na nan, sabis ya cika. Ka faɗi irin allunan. Ka faɗi ranar, kafin ruwa ya ɓata hanya. Da iyalinka ko kai kaɗai, wata guda ko zama. In ma ba za ka zo ba ka faɗa, zan iya ɗauka, na ɗauki abin da ya fi wannan.

Amma ni za ka faɗa wa. Lambar da ka gani sau biyu ta ubanka ce. Ka kira ta, Abba, ka amsa mini.