Inci Uku a Saman Ƙofa

Thunder Bay,
16 ga Satumba.

Yayata Aune,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Ya gwiwar, tana barin ki ki yi barci kuwa? Sanyi ya fara leƙo ku a Sudbury? Ni jiki lau, raina ne a ɓace, shi ya sa na ɗauko biro. Waya ba ta da amfani tsakaninmu, ke ba kya ji sai na yi ihu, ni kuma in na yi ihu a gidan nan kowa ya ji.

Kin san yadda muka yi da 'yata Kirsti bayan na sayar da gidana na daji. Na ce mata ko a mafarki ba zan shiga gidan tsofaffi ba, ita kuma ta ce ba za ta bar ubanta shi kaɗai mil arba'in daga asibiti ba. Muka tsaya a kan ɗan ɗakin katako a lambunta na bayan gida, in ci abinci tare da su, in kwana a nawa. To, ɗakin ya iso ranar Talata a bayan babbar mota, naɗe cikin leda kamar burodi. Wai gumagumai ne. Inji ya fere su sumul, ya yanka musu baki, kowanne da lambarsa a goshi. Ni da na yi shekara arba'in da ɗaya ina sassaƙa gungume da gatari, ɗakuna ashirin da shida suna nan tsaye har yau, ni aka miƙa wa ɗan littafi mai zane-zane wai in bi. Na duba shi gaba da baya, na hura wutar gahawa da shi. Na san ban kyauta ba, ba sai kin faɗa min ba.

Trevor, mijin Kirsti, ya ɗauki hutun kwana uku daga ofis, ya sayo sabon injin ɗaura sukuru, yana yawo da shi a ƙugu har wajen cin abinci. Maƙwabta biyu suka taya mu. Gaskiya katakon ba laifi, ya shiga juna tsaf, kafin yammar Alhamis mun kai rufi. A wajen ƙofa aka ɓata.

Ke kin tashi a gidan da Baba ya gina, kin san bangon gungume sauka yake yi. Da an kunna wuta a ciki da hunturu, kowane gungume ya bushe ya tsuke, bango ya sauko a hankali. Shi ya sa ake barin fili a saman ƙofa da taga, a cusa auduga mai laushi, a rufe da allo. Firam ɗin ƙofa kuwa ba a ɗaure shi da bango, barin sa ake yi bangon ya riƙa zamewa ta gefensa. Masu kamfanin ma, duk lalacinsu, sun bar inci uku. Trevor ya ɗaga kai ya gani, ya ce wai sun yi kuskuren awo. Ya yanko katako ya toshe wurin, sannan ya bi firam ɗin da dogayen sukuru, goma sha huɗu kowane gefe, kowanne cikin gungumensa.

Na ce, "Kai Trevor, cire abin nan."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, so kake iska ta kashe mana kai a Janairu a ce ni ne?"

Na yi masa bayani sau uku, na ƙarshen da ƙarfi. Kirsti ta fito da cokali a hannu ta ce a kira kamfanin a tambaya mana. Na ce ranar da ta kira wani yaron kanti ya ba da shaida a kan aikina, ta nemi wani uban. Sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Baba, je ka zauna, ka gaji." A gaban maƙwabta, Yaya! Na je na zauna, amma ban ci abincinsu ba ranar.

Ki gaida min 'yarki Helmi da yaranta. Ki riƙa shafa maganin gwiwar, kada ki ce ya ƙare alhali yana cikin jaka.

Ƙaninki,
Reino.

Thunder Bay,
21 ga Oktoba.

Yaya Aune,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kin samu sauƙi. Wasiƙarki ta iso. Kin ce in yi haƙuri, yaran don ni suke yi. Ke ma kin bi bayansu ke nan. Madalla, na gode.

Bari ki ji abin da haƙurin ya jawo. Wata Laraba da safe, da suka tafi aiki, na ɗauko tsani na ce bari in gyara abina ba tare da surutu ba. Na cire ƙofar na kwantar a kan ciyawa, na kwance sukuru goma sha ɗaya. Zafin aiki ya sa na tuɓe rigar sanyi. Ashe Kirsti ta manta wasu takardu, sai ga ta ta dawo. Ta tarar da tsohonta a kan tsani da singileti, ƙofar ɗakinsa a ƙasa. Ihun da ta yi, har karen maƙwabta sai da ya amsa. Na ce mata gyara nake yi, ta ce, "Gyaran me, Baba? Ɗakin lafiyarsa ƙalau, kai kake rushe shi!"

Da yamma Trevor ya mayar da komai, ya ƙara sukuru shida don neman lada, ya kulle akwatin kayan aikina a gareji. Gatarin Babanmu yana ciki. Makullin a-kori-kurata kuma ya koma jakar Kirsti, wai har a ga likita.

Aka kai ni. Kirsti ta zo da takarda a rubuce: na ƙona littafin, na cire ƙofa, na bar tukunyar gahawa a kan wuta sau biyu. Sau biyu a shekara saba'in da huɗu! Ita sau nawa ta ƙona shinkafa? Likitar yarinya ce mai ladabi, ban da abin cewa a kanta. Ta ba ni kalmomi biyar in riƙe, ta sa na zana agogo, ta tambaye ni yau wace rana. Da ta dawo kan kalmomin na kawo uku. Na ce mata 'yata, ki tambaye ni yadda ake zaunar da rufi a kan bango mai motsi, mu kwana a nan ina faɗa miki. Ta yi murmushi ta rubuta wani abu. An ce in koma ran 11 ga Fabrairu, in abin ya ƙaru sai a sake duba inda ya dace in zauna. Ni da ke mun san inda ake nufi.

Abin da ke cin raina, Yaya, yanzu duk abin da na faɗa ya zama alamar ciwo. In na yi shiru a ce na shiga damuwa, in na yi faɗa a ce halin ciwon ne. Shekaranjiya na ce miya ta yi gishiri, suka kalli juna.

Na tare a ɗakin dai. Hitar ɗumama ɗaki nake kunnawa har ƙarshe dare da rana, ina zufa kamar mai gashin burodi, don katakon ya yi saurin bushewa. Na ja layi da fensir a jikin firam, kullum da safe ina dubawa. Tunda ba za su ji daga bakina ba, sai su jira bangon.

Ki huta lafiya. Kada ki sake rubuto min maganar haƙuri.

Reino.

Thunder Bay,
29 ga Janairu.

Yayata Aune,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙanƙarar bana, an share miki ƙofar gida kuwa? Na ji Helmi ta yi mura, Allah ya ba ta lafiya. Ki yafe min shirun da na yi, da kuma ƙarshen waccan wasiƙar.

Abin ya faru ranar Asabar. Na tashi da safe zan fita shan gahawa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Nauyin bango duk ya sauka a kan firam, ya lanƙwasa shi. Gilashin taga ya tsage tun daga sama har ƙasa. A gefen ƙofa kuwa gumaguman da sukuru ya riƙe sun rataye a sama, na ƙasa sun sauka sun bar su, har ina hango gidan Kirsti ta tsakaninsu. Na zura hannu ta wurin na ɗaga musu. Sai da Trevor ya sa ƙarfe ya ɓalle ƙofar kafin na fito.

Ban raga masa ba. Na ce, "To injiniya, ga iskar Janairun, wa ya kawo ta?" Ya cire hula ya tsaya kamar ɗalibi, ya ce, "Baba, na yi wauta. Nuna min." Kirsti ta fashe da kuka ta rungume ni, tana ta cewa, "Ka yafe min Baba, mun mai da kai abin da ba kai ba." Nan take ta kawo akwatin kayan aikina da makullin motata. Ta ce ranar Litinin za ta kira asibiti a soke zuwan nan na Fabrairu, babu abin da ke damun ubanta. Daɗin da na ji, rabona da irinsa tun ranar da aka haife ta.

Yanzu ki gyara zama, don abin da ya sa na rubuto ke nan.

Da rana muka fara gyaran. Na hau tsani, Trevor yana riƙe min a ƙasa. Aiki ne da na sha yi ba adadi, ko da ido rufe zan yi shi. Na ɗaga hannu, sai na ga wani abu a hannuna mai mariƙin katako da baki mai kaifi, ban san sunansa ba, ban san me ake yi da shi ba. Na duba ƙasa na ga wani mutum yana kallona yana murmushi, na rasa ko wanene. Lambun ma ban gane shi ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Da abin ya sake ni, sai na ji Trevor yana cewa, "Baba, na san horo kake min, na karɓa, amma ƙafafuna sun daskare." Kurfin sassaƙa ne a hannuna, Yaya, kurfin da na saya da albashina na farko. Na daka wa yaron tsawa na ce ya riƙe tsani da kyau, muka gama aikin. Bango ya zauna, ƙofa tana rufuwa da yatsa ɗaya.

Ba shi ne na farko ba. A Disamba ya taɓa faruwa a kanti, na ce yunwa ce. Tukunyar gahawar ma ba sau biyu ba ne, biyun su ne waɗanda ta gani.

Haushi nake ji kamar in fasa wani abu, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa. Wata huɗu ina faɗa don a yarda da ni, ga shi an yarda. Yanzu ko cewa na yi rana daga yamma take fitowa, Trevor zai ce haka ne Baba. Jiya Kirsti ta ce in riƙa ɗauko 'yarta daga makaranta da mota ranar Laraba. Na ce kafaɗata tana ciwo. Laraba mai zuwa ban san ƙaryar da zan yi ba.

Sau uku ina zuwa bakin kicin in faɗa mata, in na ga yadda take kallona yanzu sai in nemi gishiri in dawo. Bakina ba zai iya ba. Ke ce babba, kuma tana jin maganarki. Ki sa Helmi ta kira miki ita. Ki ce ta mayar da ranar 11 ga Fabrairu, ta zo ta karɓi makullin motar, yana kan taga. Kada ki ɓoye mata komai, ki ce ni na ce. In gwiwar za ta bar ki ki hau jirgi, ina so ki zauna kusa da ni a wajen likitar.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Reino.