Ɗamara a Kan Sanda

Talata, 12 ga Yuni, 1894
Na ci wasan tanis na farko a gasar kulob. Alhamdulillahi kawai, don turmi na biyu da kyar nake shan iska. Tsinkunan ƙarfen ɗamarar nan da muke matse ƙugu da ita a ƙarƙashin riga sun sake yanka min haƙarƙari. Na rataye ta a kan sandar ɗakin sauya kaya tare da na sauran mata, duk jiƙe da gumi da jini.

Laraba, 13
Gwaggo Cordelia ta shafa min magani tana faɗa. "Hetty, 'yar mutunci ba ta taka filin Philadelphia ba ɗamara. Matan kwamiti su ji, sun kore ki, sun kori sunan gidanmu." Na ce to, Gwaggo.

Alhamis, 14
Ban sa ɗamarar ba. A jaka na kai ta.
Wayyo, ashe haka iska take! Na bi ƙwallo har bakin raga ban ga duhu ba. Na kai wasan ƙarshe, ranar Asabar, turmi biyar, ni da Maud Tillery. Da aka tashi na yi wuf na rataye ɗamarar a kan sanda don kada a ga gurbina babu komai.

Juma'a, 15
Ni dai wawuya ce. Bayan atisaye na sake rataye ta, busasshiya, fara fat kamar daga shago, a tsakiyar masu jini. Maud ta tsaya tana kallonta, ta juyo ta kalle ni, ta fita. Uwarta ce shugabar kwamiti. Kalma ɗaya ta isa a kore ni, Maud ta ɗauki kofi ba ta buga ba. Shekara huɗu ina neman ranar gobe. Abinci ya ƙi shiga.

Asabar, 16
Da safe Maud ta ja ni bayan ƙofa. Na ce shi ke nan.
"Ke dai ba ki iya ƙarya ba," in ji ta. Ta tsoma ɗamarata a bokiti, ta matse, ta ciro 'yar kwalbar jan kwaɗon shafa wa burodi ta ɗiga a gefe kamar jini. "Shekarata biyu ina haka, sakarya. Kin ɗauka ƙarfina daga ina yake?"
Dariya har na zauna a ƙasa. Hawaye ma sun zo, ban san na mene ne ba.
Ta doke ni, uku da biyu. Amma na buga turmi biyar cif a tsaye, kuma ba wanda ya cire ni sai ƙwallo. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba. Baɗi za ta gane kurenta.

Lahadi, 17
Barci kamar gawa.

Lahadi, 24
A coci na ja baiti guda na waƙa da numfashi ɗaya. Gwaggo ta juyo, ta dubi ƙuguna ta daɗe, sannan ta mayar da ido kan littafinta. A hanyar gida, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Da gaske ba ya ciwo?" Na ce ban gane ba, Gwaggo.
Ɗamarar na can kan sanda a kulob. Mantuwa ce kawai. Zan je in ɗauko. Wannan makon dai akwai zafi.